Lambar Haraji da Shanuna Bakwai

Nguru, Jihar Yobe.
Ranar Laraba.

Zuwa ga yayana, Hamma Siddiƙ,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya da rufin asiri, kai da Adda Rahima da yara. Yaya Fatakwal, yaya ruwan saman nan naku da ba ya gajiya? Allah Ya tsare ku, Ya yi wa nemanka albarka, Ya dawo mana da kai muna masu rai. Mu nan lafiya lau muke, sai godiya. Mai gidana Sabitu ya warke daga ciwon bayan da ya kwantar da shi, har ya koma rumfarsa ta hatsi yana cika baki cewa buhu ba ya ba shi tsoro. Zahra ta shiga aji uku na sakandare, ta fara gyara mini magana a cikin gidana. Shuhada kuwa haƙora take fitarwa, duk abin da hannunta ya kai sai ta ɗanɗana shi. Ruwa ya fara ja baya a fadama, kifi ya cika kasuwa, ga tattasan Gashua ko'ina ja wur.

Za ka yi mamakin ganin takarda a hannun direba alhali ga waya. Na ɗauki wayar sau uku ina ajiyewa. Na san halinka, ba za ka bari in kai tsakiyar magana ba za ka fara yanke hukunci, ni kuma na san halina, kuka zai riga ni. Don haka ka nemi wuri ka zauna ka karanta har ƙarshe. Maganar ita ce ina gab da rasa wurina a rugar Baba, kuma da hannuna na jawo, a kan wata lamba da har yanzu ban gama fahimtar ta ba. Akwai kuma amsar da Baba yake jira daga bakinka, amma bari in bi da kai daki-daki, don in na fara ta ƙarshe ni ma sai in ɓace.

Ka tuna Madam Toyin, matar nan ta Gashua mai yin yogot, wadda ta ba ka kwalba biyu ka shanye a tsaye lokacin da ka zo Sallah? Shekara biyu ke nan ina kai mata madara. Kullum da sassafe in je ruga a yi tatsa da ni, in haɗa tawa da ta matan ƙannenmu a jarkoki, in sa a motar Gashua. Ba mu taɓa rubuta komai a tsakaninmu ba. To watanni uku da suka wuce ta shiga wani shirin tallafi, aka ba ta babbar tukunyar sanyaya madara, bisa sharaɗin duk wanda zai riƙa kawo mata madara ya kasance yana da rajistar sana'a da asusun banki da sunan sana'ar. Ta ce ni ta fara tunawa, don madarata ba ta taɓa zuwa da ruwa a ciki ba. Na ji daɗi sosai, ba zan ɓoye maka ba. Na je shagon Celestine mai kwamfuta a bakin tasha ya cika mini takardun. Da ya tambaye ni sunan da za a sa wa sana'ar, ban yi dogon tunani ba na ce a rubuta da sunan Baba, Abbo Madara da Kindirmo. A zuciyata girmama Baba na yi, tunda daga garkensa komai ya fito, ina ganin rashin kunya ne in ɗora sunana a kai yana raye.

Da takardar rajista ta fito na kai ta banki, sai ma'aikacin ya ce saura lambar haraji, wadda suke kira TIN. Na ce masa ai ga lambar katin ɗan ƙasa. Ya ce ba ita ba. Na ce ga ta banki wadda aka ɗauki yatsuna a kanta. Ya ce ba ita ba. Na nuna masa wadda ke jikin takardar rajistar da ke hannunsa, ya ce ita ma tata hanyar daban. Hamma, ni kaɗai, mace ɗaya mai jarka huɗu, na wayi gari da lambobi sun fi 'ya'yana yawa, kuma wai har yanzu da sauran guda. Na fito na tsaya a ƙofar bankin ina tunanin ko ni ce ban da kai, ko su ne suke ƙirƙiro lambar in sun ga mutum.

Daga nan na shiga tambaye-tambaye, kuma da ban yi ba da ya fi mini sauƙi. Sabitu ya ce wannan lambar ta 'yan kwangila ce masu gina kwalbati, babu ruwan mai nono da ita. Maƙwabciyata mai bandar kifi ta rantse cewa duk wanda ya karɓe ta ya sa kansa a tarko, za a zo da kwaɗo a rufe masa shago. Na ce mata ai ni ba ni da shago, ta ce to sai su rufe gidan. Celestine ya ce ya ji an ce yanzu lambar katin ɗan ƙasa ma tana wadatar da mutum, amma bai sani ba ko ta wadatar da sana'a mai rajista, ya kamata in tambaya. Na koma banki da maganarsa, suka ce in dai je ofishin haraji, abin da aka ce mini a can shi ne. Mutum huɗu, magana huɗu, kowa kuma da ƙarfin zuciyarsa yake faɗa.

Ranar da na kai madara Gashua na daure na shiga ofishin harajin. Na tarar da wani dattijo, Malam Abatcha, mutum mai haƙuri, Allah Ya saka masa. Ya ba ni kujera, ya ce ba a biyan ko sisi kafin a karɓi lambar, kuma ita kanta ba takardar neman kuɗi ba ce. Ya ce shaida ce kawai da hukuma take gane sana'ar wani daga ta wani, don kada a haɗa lissafin Madina ta Nguru da na wata Madinar a Potiskum. Da ya ji daga ruga na fito, sai ya ce in ɗauke ta kamar tsagar da ake yi wa saniya a kunne, in shanu sun cakuɗe a mashaya kowa ya gane tasa. Na tambaye shi wa da wa ke buƙatar ta. Ya ce duk wanda ya yi wa sana'arsa rajista, da mai son buɗe asusu da sunan sana'a, da mai son sayar wa kamfani ko hukuma kaya a rubuce. Na ce to matan da ke tallar nono da ƙwarya a ka fa? Ya ce su babu wanda zai tsayar da su a hanya ya tambaye su, amma ranar da ɗayarsu ta so shiga irin abin da na shiga, ita ma za ta zo ta zauna a kujerar nan.

Sai na kawo masa abin da ya fi ɗaure mini kai. Na ce madarar da nake sayarwa tawa ce da ta matan ƙannena, shanun kuwa wasu na Baba ne, wasu naka, wasu na jikoki da marayun dangi, wasu nawa, duk a garke ɗaya. Wa zai karɓi lambar, mai saniya ko mai madara? Ya yi dariya ya ce mai sayarwa, wadda sunanta ke cikin rajista a matsayin mai sana'a. Na ce za a zo a ƙirga shanu? Ya ce lambar ta sana'a ce, ba ta garke ba. Abin da ake so shi ne duk shekara in zo in bayyana abin da sana'ar ta kawo, a duba ko ya kai a biya wani abu ko bai kai ba, kuma ƙananan masu sana'a irina akwai sassauci a kansu. Wallahi a cikin ofishin nan na gane komai sarai, har ina gyaɗa kai kamar malama. Amma kafin mota ta kai Jajimaji rabin bayanin ya zube. Na kasa tuna ko cewa ya yi ba za a taɓa ƙirga shanu ba, ko cewa ya yi ba shi ne mai ƙirgawa ba.

Bayan 'yan kwanaki lambar ta fito. Celestine ya buga mini ita a takarda ya liƙe ta da leda, tana ta ƙyalli. Kuskurena na nan, Hamma. Maimakon in jefa ta a ƙasan akwati, sai na ɗauke ta da murnata na kai wa Baba bayan an gama tatsa. Na karanta masa sunansa a sama, na ce ga shi yau Abbo ya shiga littafin gwamnati. Ya karɓa ya juya ta gaba da baya, ya tambayi ko takardar mene ce. Da kalmar haraji ta fito daga bakina na ga fuskarsa ta sauya. Ya sa yatsa a kan jerin lambobin ya tambaye ni shanu nawa na ce musu yana da su. Na rantse ban faɗa ba, na ce ni kaina ban taɓa ƙirga su ba, ai shi ya hana mu tun muna yara. Ya ce to sun tambayi inda madarar take fitowa? Na ce sun tambaya, na ce daga garken babana. Don in kwantar masa da hankali sai na ɗauko misalin Malam Abatcha, na ce ai kamar tsagar kunne ce kawai. Baba ya dube ni ya ce shi a saninsa ba a tsaga kunnen saniya sai wanda ya ce tasa ce.

Ranar ya ba ni labarin da ban taɓa ji daga gare shi ba, ban sani ba ko kai ya taɓa ba ka. Ya ce yana ɗan shekara tara a zamanin jangali, da aka ji masu ƙirga suna tafe, kakanmu ya sa shi ya kora maruƙa cikin ruwa, ya ɗaure musu baki da igiya don kada su yi kuka, ya tsaya da su ruwa iya ƙirji tun hantsi har la'asar. Ɗaya ta mutu a hannunsa, kuma ita ce wadda aka ba shi ranar sunansa. Ya ce su ma wancan lokacin da rubuta suna aka fara. Na ce masa an daina jangali tun kafin a haife ni, ya ce an daina kiran sa da sunan dai. Ya miƙo mini takardata, ya sa mini albarka kamar kullum, na tafi ina ganin magana ta wuce.

Washegari na isa ruga da jarkokina na tarar babu kowa. Turaku ne kawai da toka da kashin shanu. Wani manomi da ke kusa ya ce sun tashi, sun yi gabas wajen Dagona, da shanu da ƙannenmu da matansu duka. Na zauna a kan jarka na yi kuka na ƙoshi. Wayar Baba a kashe, daga baya na ji wai ya ce da ita za a bi sawunsa, ya sa kowa ya kashe tasa. Madam Toyin ta yi ta kira, ga tukunya sabuwa ba abin zubawa. Da na yi mata bayani sai ta ce ita a garinsu mutane daga haraji suke gudu, ba ta taɓa jin inda shanu suka gudu ba. Ta ce za ta riƙe mini wurina zuwa ƙarshen wata, bayan nan dole ta nemi wani, kuma ban ga laifinta ba.

Sau biyu ina zuwa Dagona. Zuwan farko ban same su ba. Na biyu wani masunci ya ƙetare da ni a kwalekwale, ya nuna mini wani tudu a bayan doguwar ciyawar ruwan nan kacala, can na same su, sauro ya yi wa yara kaca-kaca. Baba bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi. Ya sa aka shimfiɗa mini sabuwar tabarma, aka kawo mini nono a ƙwaryar baƙi. Ni da nake shiga garke in kama maraƙi ba tare da na tambayi kowa ba, aka zaunar da ni a inuwa ana yi mini sannu da hanya. Na ce zan sa a cire sunansa daga sana'ar, ya ce abin da aka rubuta an riga an gani. Na koma wurin Malam Abatcha na tambaye shi ko ana mayar da lamba. Ya fara dariya, da ya ga idona sai ya daina. Ya ce ana iya sanar da su an rufe sana'a, amma lamba ba kaya ba ce da za a mayar a ce ba a so. Ya ce in na yarda zai bi ni har rugar ya yi wa Baba bayani da kansa. Na gode masa na ce ya rufa mini asiri, in Baba ya hango ma'aikacin haraji a kwalekwale ba zai tsaya ba sai Chadi.

To jiya da hantsi ina wanke jarkokin da babu abin da zan zuba musu, na ji kukan shanu a layinmu. Na leƙo, sai ga Baba da sandarsa, shi kaɗai, ya koro shanu bakwai ta tsakiyar unguwa, masu Keke Napep suna kauce masa. Nawa ne, Hamma, duka bakwai ɗin, zuriyar karsanar da ya ba ni ranar sunana, waɗanda shekara goma sha shida da aurena bai taɓa cewa in ɗauke su ba. Ya tsaya a ƙofar gida ya kira kowacce da sunanta, ya faɗi uwarta da kakarta, kamar yadda ake yi ranar rabon gado. Ya ce ya yi tunani, ba fushi yake da ni ba. Na yi wa matar Gashua alkawari, kuma 'yarsa ba ta saɓa alkawari, don haka ga abin tatsa. In masu ƙirga sun zo su ƙirga abin da yake nawa, su bar na marayu da na jikoki. Ya danƙa mini igiyar maruƙa a hannu. Na roƙe shi ya shigo ya sha ruwa, ya ce rana tana yi, garke yana jiran sa.

Tun jiya nake juya abin nan na rasa inda zan ajiye shi. Sabitu ya ce gata Baba ya yi mini, tsoho ya tako tun daga Dagona don kada in ji kunya a idon mutane. Madam Toyin har da guɗa a waya, ko da yake huɗu ne kawai cikinsu suke ba da madara, ta ce a fara da hakan. Wataƙila gaskiyarsu ne. Amma kai ka san abin da ake nufi a gidanmu in aka ware wa mutum shanunsa aka kai masa har ƙofa. Yanzu ba ni da saniya a garken Baba, ba ni da abin da zai kai ni ruga da sassafe. In na je, tabarmar nan za a sake shimfiɗa mini. Ga lamba, ga asusu, ga madara, duk abin da aka ce in nemo na samu, kuma ban taɓa jin na yi asara irin ta yau ba. Ni ban san ko laifi na yi ba. In laifi ne ka faɗa mini wanne, karɓar lambar, ko sa sunansa, ko nuna masa da na yi. Shanun ma suna bayan rumbun Sabitu sun ƙi cin dusa.

Ga saƙon da ya bar maka. Kafin ya juya ya ce shanunka uku, waɗanda suka zo maka daga gadon Inna, yana son ya ji ta bakinka. Tunda kai ma ma'aikaci ne, sunanka yana cikin littattafan gwamnati, ka zaɓa, ko a kawo su nan a haɗa da nawa, ko su zauna a wurinsa. Zai shigo Nguru ranar kasuwa ta sama ya ji amsa a rumfar Sabitu. Na san abin da zuciyarka za ta fara raya maka, za ka ce a kawo mini don madarata ta ƙaru in cika wa Madam Toyin jarkokinta. Kada ka yi mini wannan alherin.

Ka gaishe mini da Adda Rahima da kyau, ka ce mata man shanun da ke cikin kwalin da direba zai ba ka nata ne, kada ka kai shi wurin aiki. Ka shafa mini kan Usama da ƙannensa. Sabitu yana gaishe ka, Zahra ta ce a tuna maka alkawarin jakar makaranta. Direban zai juyo ranar Asabar, ka ba shi amsar a rubuce don Sabitu ya karanta wa Baba da bakinsa. Ka ce shanunka su zauna a garke. Sannan ka ƙara layi ɗaya, ka ce kana nesa ba ka iya zuwa, ka wakilta Madina ta riƙa zuwa tana duba maka su. Ba zai hana ni ganin dukiyarka ba, Hamma, kuma wadda ta zo duba shanu ba a kawo mata nono a ƙwaryar baƙi, cikin garke take shiga.

Allah Ya haɗa fuskokinmu da alheri. Wassalam.

Ƙanwarka,
Madina Abbo.